Malamar Manya a Ajin 'Yan Maimaici

Ranar Litinin ta farko bayan hutun babbar sallah, a shekarar da na maimaita aji huɗu, hedimastanmu Malam Ɗanjuma ya kawo mana sabuwar malama, wata gajeruwar mata mai suna Malama Hajara. A bakin ƙofa ya tsaya yana gaya wa mataimakinsa, muna ji: "Yaƙi da jahilci fa ta karanta, tsofaffi ta iya lallashi. Bar ta da waɗannan, ba abin da za ta ɓata."

Mu ne waɗannan ɗin, 'yan maimaici, an tara mu a ajin ƙarshe da ke kallon gonakin rake na wajen Gubuchi. Shekarata goma sha biyu ban iya haɗa baƙi ba, kuma Baba ya riga ya ce in zangon ya ƙare a haka, sai in zauna gida in taya Inna suyar ƙuli-ƙuli.

Malama ba ta riƙe bulala. Ta zauna a kan benci kamar ɗayanmu, ta tambayi wa ya san yadda ake mazarƙwaila. Kowa ya sani mana! Muka ɓarke da bayani, wannan na faɗin yadda doki ke zagaya injin matsa, wancan na gardamar lokacin da ake sauke ruwan daga wuta, ita kuwa tana rubuta maganarmu a allo. Rake, doki, wuta, tukunya: kalmomin da na fara karantawa ke nan a duniya. In mutum ya yi kuskure ba ta bari a yi masa dariya. Takan ce, "Ba wanda ya shigo nan kansa wayam."

Wata safiya hayaniyarmu ta kai ofis, hedimasta ya taho da bulala, a zatonsa ba malami a ajin. Ya tarar da ni gaban allo ina karatu. Ya ce hadda ce, ya karɓi alli ya rubuta nasa dogon layi. Na bi shi baƙi-baƙi har ƙarshe. Ya kira wasu uku, su ma suka karanta. Sai ya juya wurin Malama ya ce, "Malama, na yi miki gaggawa. Ki yafe ni." Daga makon nan ya riƙa turo malaman ƙananan azuzuwa su zauna bayan ajinmu suna kallo, kuma da ƙafarsa ya je zauren Baba ya roƙa a bar ni.

Yanzu ina aikin jinya a Makarfi. Makarantar ta samu sababbin azuzuwa da fenti, Malama da hedimasta kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Na sha ganin masu ilimi tun daga lokacin, amma ban cika ganin babba ya ba na ƙasa da shi haƙuri a gaban yara ba. Allah ya jiƙansu da rahama.