Abarba Bakwai a Kwalin Shida

Ana sallame sallar asuba a Zongo muka kama hanya, mu uku: ni, da direba mai yawan hamma, da 'yata wadda ke aiki da wata ƙungiyar ƙananan manoman abarba a wajejen Allada. Ita dai ta ce ta ɗauke ni ne in sha iska. Ni kuwa na san shawara take nema, domin shekara arba'in na yi ina sayar da kayan marmari, kuma na yi lakwal, wato boko, har aji uku, abin da ba kowa ya samu ba.

A Vêdoko 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu rigar ɗorawa suka kewaye mu ta ko'ina, kowa na ganin titin gadon ubansa ne. Bayan Calavi muka tsaya karyawa: akasa, wani tuwon masara, da soyayyen kifi, sefa ɗari biyar, da yajin da ya tuna mini duk laifukana. Daga nan sai jar ƙasa da gonakin abarba har iyakar gani.

A rumfar ƙungiyar na fahimci abin da ke ƙasa. Irin abarbarsu ko ta nuna kore take zama, sai wasu suka riƙa fesa mata magani don ta yi launin ɗorawa. Bara aka gano maganin, aka ƙi kayansu gaba ɗaya. Shekara guda 'yata tana bin su gona gona: a daina feshin, a yanka da wuƙa mai tsabta, kada a jefa a ƙasa. Ranar nan ce kayan farko tun bayan wannan za su hau jirgi zuwa Turai, in mai dubawa ta yarda. In ta ƙi, Baturen da zai saya ya tafi ke nan. Shugabansu, wani dattijo tsarana, sai zagaye rumfar yake yi kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Aka sa na wanke hannu, aka ɗora mini wata hular raga, aka ba ni wuri cikin masu jerawa. Kowane kwali abarba shida, girmansu ɗaya. Na dubi shidan nan, kunya ta kama ni. Mutum zai fara ciniki da kai daga wata uwa duniya, ka sallame shi ba gyara? A Zongo ko albasa ba a sayarwa haka. Na lallaɓa na riƙa cusa ƙaramar abarba guda a gefen kowane kwali, har goma sha ɗaya.

Mai dubawa ta iso da tabarau da ma'auni. Kwali na uku da ta ɗaga ya ƙi rufuwa daidai. Ta buɗe, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. 'Yata ba ta dubi kowa ba sai ni.

"Baba, aikin wa ke nan?"

"Aikin mutunci, 'yar nan. Gyara ce."

"Baba, a can abin da aka rubuta a kwali shi ake so a gani. Ta bakwai ɗin danne sauran za ta yi, su lalace a hanya."

Da aka fassara wa mai dubawa, ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba mu zuwa azahar. Muka buɗe kwalaye kaf, ni ne gaba wajen nuna inda na yi alherina. Aka fitar da gyarar, aka canza waɗanda suka ƙuje. Ta sake awo, ta buga hatimi. Matan rumfar suka ɓarke da rawa, dattijon nan ya rungume ni kamar ba ni na kusa kashe shi ba.

Muka raka motar kaya har filin jirgi a Cadjèhoun, muka shigo Zongo kafin magariba, da abarba goma sha ɗaya a ƙafafuna. Abokan zamana a ƙofar masallaci suka ce ɗanya na kawo musu, wai kore ce. Na yanka ɗaya, ba wanda ya sake magana sai tanɗar yatsu.

Abin da na koyo shi ne, kowace kasuwa da ladabinta: a tamu ƙari ne mutunci, a tasu cika daidai. Na ce wa 'yata ta rubuta wa Baturen cewa gyararsa ta iso Zongo lafiya, kuma mun ci a madadinsa.