Kunnen Tsirkiyar Surukina

Ko da zan manta da lambar gidanmu na Alexandria, ba zan manta da ranar da na ɗauki magogin farcen matata na ɓata kayana da hannuna ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a mota.

Mahaifin matata tsohon hedimasta ne daga ƙasar Katsina, amma ɗan gidan maharba ne, ya riƙe baka kafin ya riƙe alli. Bayan rasuwar surukata muka ɗauko shi ya dawo wurinmu nan ƙasar Turawa. Can saman bene yake wuni a bakin taga yana kallon motoci, abinci ma sai an yi da gaske. Ni kuwa abokan aiki sun koya mini harbin baka a wani kulob da ke bayan gari, sai wata Asabar na roƙe shi ya raka ni. Da ya ga baka irin na nan, mai 'yan tayoyi sama da ƙasa, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Injiniya, wannan baka ne ko keke?"

Shi wannan baka ba da yatsu ake jan tsirkiyarsa ba. Akwai 'yar igiya da ake ƙullawa a tsakiyar tsirkiyar, ta yi kamar hannun kofi, Baba ya raɗa mata suna kunne. Sai wani ɗan ƙarfe mai baki da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ya ciji kunnen, ka ja, in ka daidaita ka taɓa shi kamar kunamar bindiga ya saki. Shi kuma Baba ya kira shi kunama. Yatsunsa da sanyin ƙashi ya riƙe ba su da sauran aiki mai nauyi, kibiyarsa ta farko kuwa a kan allon da ake harbi ta tsaya. Tun daga ranar tsoho ya dawo hayyacinsa. Ya koma cin tuwo har da ƙari, ya koma tsokanar kowa, ranar Asabar kuwa shi ke riga ni shiga mota.

Matsalar ta taso ne daga ƙauna. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa jarida a falo, ya shafe kayansa tsaf da man kaɗanyar da muke saye a shagon wata 'yar Kumasi a Landover. Tsirkiyar gida ta fata ce, mai take so, haka ya ga mahaifinsa na yi. Wannan kuwa zaren nailan ne. Man ya sa ƙullin kunnen ya yi santsi har ya fara gusawa, ya kuma tara datti a bakin kunamar. Da muka shiga shekara ta biyu, kunnen ya yi gashi ya sirance a tsakiya, maɗaurin kunamar ya tsage wajen huda, bakinta kuma wani lokaci sai an danna sau biyu yake rufewa.

Wanda bai sani ba zai ce ƙaramin abu ne. In kunne ya tsinke kana cikin ja, hannunka ne zai dawo da ƙarfinsa duka ya naushe ka a baki. Na taɓa ganin wani ƙato ya bar haƙorinsa a wurin. Baba kuwa maganin tsinka jini yake sha, in ya ji rauni jinin ba ya saurin tsayawa. Matata, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta yanke magana: "Ranar da Baba ya ji ciwo, ranar bakan nan zai bar gidan nan." Na san ba wasa take ba, na kuma san in baka ya tafi, taga za ta sake karɓe mana tsoho.

Baturen da ke gyaran kaya a kulob ɗin ya faɗa masa kai tsaye, irin tasu, cewa a canza kayan. Baba ya yi masa godiya da Turancinsa na hedimasta, ya juyo gare ni ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Matata ta gwada, ya tambaye ta ko yaushe ta fara harbi. Saura ni, suruki, ni da ko abinci ba na iya ci a gabansa. Ta yaya zan buɗi baki in ce wa ɗan maharba kayan harbinsa sun mutu? Ga gasar dattawa tana matsowa, sabon kunne kuma yakan ɗan canza saiti, sai an yi makonni ana sabawa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ne wata Juma'a na shige ɗaki da magogin farcen nan, na gurje kunnen bakana mai lafiya lau har ya yi buzu-buzu. Na fito na durƙusa gefen jaridarsa, na ce, "Baba, don Allah a duba mini bakan nan, kwana biyu ban gane masa ba."

Ya sa tabarau, ya bi tsirkiyar da babban yatsa har ya iso kunnen. Ya daɗe a wurin.

"Injiniya, kai da kake auna gadoji, da wannan kake harbi? Kunnen da ya fara gashi ai ya fara sallama."

"To Baba, ni gani na yi bai daɗe ba."

"Ba kwanaki ake ƙirgawa ba. Ido ake sawa, a sa yatsa. Ka ga gashi, ka ga ya sirance, ka ga ƙulli ya motsa, ka yanke. Ba a jira ya tsinke."

Ya sa almakashi ya datse nawa. Ya jawo nasa bakan, ya bi shi da yatsan nan dai, ya ɗauki kunamar ya danna, ta ƙi, ya sake dannawa. Bai dube ni ba, ya datse nasa kunnen shi ma, ya ce, "Gobe ka kai mu wurin Baturen nan."

Washegari aka ƙulla mana sabbin kunnuwa, ya zaɓi sabuwar kunama da kansa bayan ya gwada kusan duk na shagon Baturen. Da ya tambayi abin da ake shafa wa tsirkiya, aka miƙo masa ɗan kakin zuma, aka ce ban da kunne da kunama. Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Ai na ce da zuma ake magani."

A gasar ya zo na uku cikin tsofaffin da suka fi shi daɗewa a kulob ɗin, ya yi ta fara'a kamar shi ya zo na ɗaya. Muna hanyar gida, ni ina ta jin kaina gwanin dabara, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun kunnena da ya datse, ya ajiye kusa da giyar mota.

"Bakin kunama a tsakiya yake ci," in ji shi. "Naka a gefe ya ci, gashin kuma duk gefe ɗaya ya kwanta. Ka mayar wa 'yata magoginta."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, ga shi tuƙi nake. Na ce, "A gafarce ni, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Tun da na taɓa na gane. Amma mutumin da ya ɓata nasa don kada ya kunyata ni, ai ba a bari ya yi asara."

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kayan harbi tun suna gashi ake canza su, ba sai jini ya zuba ba. Babba kuwa yana jin gaskiya sarai, in dai ka bar masa ƙofar da zai shigo da girmansa. Har yau duk Juma'a Baba yana shimfiɗa jaridarsa ya duba bakunan gidan, kuma nawa yake fara ɗauka, ya leƙa kunnen ta gefe, ya dube ni ta saman tabarau.