Shafi Arba'in da Suka Rage wa Yacuba

Duk wanda ya yi zamanin sinima a Gaya ya san Yacuba. Shi ke tsayawa gefen allo yana fassara finafinan Indiya da Hausa da Zabarmanci. Aibinsa ɗaya ne, tun fim bai yi rabi ba yake faɗin ƙarshensa.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ƴarsa Nuriya ce ke karanta masa littattafan wata marubuciya da take so, bayan la'asar. Bara Nuriya ta rasu, saura shafi arba'in a littafin da suke ciki, da tsinken tsintsiya a inda ta tsaya.

Tun daga nan, duk safiya in ya fito cefane sai ya ratse rumfar abokinsa Hama, tsohon malamin lakwal da ake kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya koyi haruffa.

Ran Talata ya ajiye kifin da ya sayo, suka fara da gardamar wani tsohon fim, sannan Yacuba ya buɗe littafin. Layi uku suka ci masa rabin awa.

"Kifin uwargida zai lalace," in ji Hama. "Na karanta wannan marubuciyar kaf. Bari in gaya maka ƙarshen ka huta. Kai ma haka ka yi wa Gaya shekara ashirin."

"Mushe, wannan kam ban yarda ba," in ji Yacuba. "Inda ta tsaya, ni zan ƙarasa mata."

Ya ƙara layi ɗaya, ya mayar da tsinken, ya ɗauki kifinsa ya nufi gida.