Tiyo Ɗaya Ya Kusa Raba Ni Da Jikata

Ummi ta tashi! Yau da safe ta taka da ƙafarta har zaure, ta cinye ƙosai uku, ta nemi ƙari!

Af, ban ma yi sallama ba. Assalamu alaikum jama'a. Ina wuninku, yaya iyali, yaya damina? Wata biyu kun ji ni shiru. Ba waya ce ta lalace ba, mai wayar ne ya kwanta.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Da furfura na koye shi a ajin manya na yamma.

Ɗana Nasiru yana sayo motoci daga Kwatano. Bara ya kawo wata doguwa mai ɗaki a ciki, da gado da famfo har da bayan gida. Ba ta samu mai saye ba, sai ya ajiye ta a ƙofar gidana a Getso. Masu haƙa burtsatse suna hayarta su kwana a daji. In sun dawo da ita, ni ke kula da ita.

Tankin ruwan sha daban, na ƙazanta daban. Aikina in juye ƙazantar a masai, in zura tiyo in ɗauraye tankin, sannan in cika na sha daga famfon gida.

Da tiyo biyu ta zo, fari da baƙi. Ƙanena Malam Sule na Kabo ya ga farin, ya ce zai yi masa ban-ruwa a lambu. Ƙane ya roƙe ka a gaban mutane, ka ce a'a? Na ba shi. Mu da muka taso a bayan shanu, ƙwarya ɗaya muke tatsa da ita, mu ɗauraye, mu sha da ita. Na ce ai ruwa na wanke komai. Sai baƙin ya koma yin aiki biyu.

Ummi jikata ce, shekararta shida. Bayan azahar mukan shiga motar mu zauna, ta murɗa famfo ta cika kofi ta ce, “Angona, sha ruwan Turai.”

Sai motar ta fara gurnani.

Da rana tsaka, ƙofa a kulle, ba kowa ciki, sai ka ji injin ruwan ya tashi da kansa, ya yi kamar mai haɗiya, ya yi tsit. Awaki suka daina kwanciya a inuwarta.

Wata rana Ummi ta riƙe kofin ba ta miƙo ba.

“Angona, tsohuwar nan tana girgiza kai.”

“Wace tsohuwa?”

“Ga ta can a kujerar direba. Fara ce.”

Na leƙa. Kujera wayam. Na yi a'uziyya, na karɓi kofin na sha, na ba ta saura.

Da hannuna na ba ta.

Bayan kamar sati biyu kaina ya fara sara. Zazzaɓi ya riƙa hawa kullum da yamma, cikina na murɗa. Ummi ma haka. Muka sha maganin maleriya daga kemis, ba sauƙi. Maƙwabta suka ce motar mamaci ce, aka yi mata hayaƙi, mu kuma aka ba mu rubutu. Kwana tara muna haka, har yarinya ta daina magana, idonta a buɗe yana kallon saman ɗaki.

Nasiru ya zo daga Kano, ya kwashe mu sai asibiti a Gwarzo. Aka ɗebi jini, aka gwada bayan gida. Taifot. Aka ɗaura mana ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Bijimin da nake ji da shi ya tafi kasuwa.

Likitar ta danna cikin Ummi ta ce, “Baba, in hanjin ya huje sai aiki a Kano. Mu ga kwana biyu.”

A kwana biyun nan, ina kwance a ɗakin maza, wallahi ina jin gurnanin injin nan a ƙarƙashin gadona. Na tambayi na kusa da ni, ya ce shi fanka kawai yake ji.

Likitar ce ta tambaye ni, “Wane ruwa kuke sha ku biyu wanda sauran gida ba sa sha?”

Na ce mata, na famfon motar nan ne.

Nasiru ya kai duba-gari ya ga motar. Mutumin ya sansana bakin tiyo ya yar. Ya kira ni a waya ya ce, “Baba, da abin ɗauraye masai kake cika randa?” Ashe ɗaya daga cikin masu burtsatsen ya yi irin ciwon. Gurnanin kuwa bututu ne ke yoyo, shi ke tayar da injin. Awaki wari suka guje wa.

Tsohuwar ce kawai ba wanda ya bayyana mini. Allah ne masani.

Rana ta biyar aka tura ni a keke zuwa ɗakin yara. Ummi ta juyo, ta dube ni ta ce, “Ta tafi.” Can kuma ta ce, “Angona, ka rame. Na fasa aurenka.” Na yi kuka a gaban nas-nas, ban ji kunya ba.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan da ma'aikatanta, da Innarsu Ummi da ta tare a gindin gado, da duk wanda ya yi mana addu'a.

Shawarata ga mai irin wannan mota, ko mai tanki a gida: tiyon sha daban, na ƙazanta daban, kada ko ma'ajiyarsu ta haɗu. In ɗan'uwa ya roƙa, saya masa nasa. Ka gama da ƙazanta, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa famfo. Zazzaɓi ya wuce kwana uku, a je a gwada jini. A yi addu'a, amma a hanyar asibiti.

An ƙone baƙin tiyon, an wanke tankin da kulorin sau uku, an gyara yoyon. Duk da haka mutanen unguwa kewaye motar suke yi.

To, ranar Juma'a bayan an sauko, akwai waina da fura a ƙofar gidana. Zan murɗa famfon nan a gaban kowa, ni zan fara sha. Ummi za ta tsaya kusa da ni da sabuwar atamfarta.

Mutanen Getso, na Lakwaya, na Unguwar Tudu, har da kai Sule, ku zo ku gani da idonku!