Tsohuwar hula a kan gora

Na yi sati uku cikin takaba kafin na yarda a buɗe laftof ɗin maigidana. Ɗanmu ne ya aiko masa da shi daga Jidda, tare da wani ɗan akwati kamar sabulu, mai fitila ɗaya, wanda ke jawo shabaka, wato intanet, ya ba laftof ɗin ba tare da waya ba. Duk Juma'a, in ya dawo masallaci, yakan zauna ƙarƙashin rumfar tsakar gida mu ga fuskar 'yarmu, wadda ita ma aure ya kai ta can. Ni nawa kawo jabanar kofi ne, in zauna gefensa. Ban taɓa danna komai ba.

Da ya rasu, 'yar tana da tsohon ciki, ba ta samu zuwa ba. Ta haifi namiji aka sa masa sunan kakansa. Ta waya na ji kukan yaron, amma ban gan shi ba, ita kuma ba ta ga idona ba tun rasuwar. Ta ce, "Inna, ba zan yarda kina cin abinci ba sai na gani." Muka sa ranar Juma'a.

Ƙanwar maigidan, wadda ke aikin jinya a garin Managil, ita ta zo da hantsi don ta haɗa mana. Ta ajiye laftof a kan tabarmata a cikin ɗaki, ta ajiye ɗan akwatin kusa da shi. Laftof ya ga akwatin, sunansa ya fito, amma da wata alama rawaya a jikinsa. Fitilar akwatin kuwa ja.

Ta kashe ta kunna. Ta cire batir, ta zaro layin ta hura masa iska ta goga a gefen mayafinta. Ta sa layin a wayarta, ya yi aiki. Ta mayar, fitila ja. Ta sake rubuta lambobin sirrin da ke manne a bayan akwatin, sau biyu, tana karantawa da ƙarfi.

"Yaya, shekara nawa kina zaune gefensa, ba ki ga abin da yake dannawa ba?"

"Ni kofi nake zubawa."

"Kofi! Ke dai kallonsa kike yi, faɗi gaskiya."

Na yi dariya, ta farko tun ranar rasuwar. Ita ma ta yi, sannan ta juya baya tana share ido.

Aka yi kiran salla, aka sauko. Ta ce halas, shi ke nan, sai dai ta tafi da shi Managil wajen mai gyara, a bar maganar sai wani satin. Ta fara naɗe wayar caji. Na ce ta nemi hularsa ta sa akwatin a ciki, don nan yake ajiye shi.

"Wace hula?"

Tsohuwar farar hula ce da ya ɗaura wa igiya. Kafin ya buɗe laftof, yakan jefa akwatin a ciki, ya taka gado, ya rataye ta can saman dogon ginshiƙin rumfa, na kusurwar da ke kallon hanyar ruwan gonaki. Ni duk zatona saboda akuya ne, don ta taɓa cinye masa takardar hawasharmu, wato gonarmu. Har tsokanarsa nake yi, in ce akuya ta mayar da shi mai hawan bishiya. Bai taɓa gyara mini ba, murmushi kawai yake yi.

Ta ajiye wayar cajin a hankali. "Ina rumfar?"

An kwance ta ranar zaman makoki don mutane su sami wuri, an jingine itacen bayan ɗaki.

Hular tana nan a ƙusa bayan ƙofa, inda ya bar ta. Ni na ɗauko da hannuna. Ta samo gorar da muke kaɗo lemo da ita, ta ɗaura hular a kai, ta je daidai ramin ginshiƙin ta ɗaga. Ni kuma na jawo laftof bakin ƙofa.

"Ta tafi?"

"Rawayar tana nan."

Ta taka gado, mace mai jiki, tana ta salati, gora na rawa. "Yanzu fa? Yi sauri, Yaya, kar in faɗo in bi marigayi yau!"

Alamar ta ɓace. Ashe sai a can sama akwatin ke kama shabaka. Ba a jima ba abin ya yi ƙara, ta ƙwala mini in danna kore.

'Yata ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce na rame, amma ba kamar yadda ta zata ba. Ta ɗago yaron. Kunnuwan kakansa ne, manya, a buɗe.

Muka kai rabin awa, ƙanwar tana tsaye bisa gado tana canza hannu, tana cewa a gaishe ta ita ma, ai ba ginshiƙi ba ce.

Washegari na sa aka mayar da itacen nan guda ɗaya cikin raminsa. Rumfar sai bayan na fita takaba aka sake ta. Yanzu ni nake taka gadon duk Juma'a.