Ƙullin Daddawar Inna Baraka

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata safiyar Laraba ba, da na tsaya gaban kwandunan shara uku a ƙasar mutane, ina waige-waige kamar ɓarawon akuya. Tun da na ajiye aiki, waɗanda suka gaje ni a biro, wato ofishinmu, sukan ce, "Malam Issufu, ba mu labarin Faransa." Sai in ba su na jirgi da na sanyi, su yi dariya mu watse. Yau zan ba da wanda na daɗe ina tsallakewa.

Aikina a ofishin takardun haihuwa ne, a wata meri, wato ƙaramar hukuma, ta yankinmu na Matameye. Ga wanda bai sani ba, mu ne ke riƙe da manyan littattafan da ake shigar da haihuwa da aure da mutuwa. In mutum yana son takardarsa, sai mu zaƙulo littafin shekarar, mu kwafa, mera, shugaban merin, ya sa hannu, a buga hatimi. A shekarar da na cika ashirin a aiki, aka zaɓi mu uku mu je horon kwana goma a wani ƙaramin gari da ke gefen Paris, mu ga yadda suke adana irin waɗannan littattafai a na'ura. Shugaban tafiyar shi ne babban sakatarenmu, Alhaji Mamman. Da ya miƙa mana takardar izinin tafiya sai ya ce, "Magana ɗaya ce. Kada wanda ya kunyata mu a gaban Nasara." Na ce, "In Allah ya yarda, Shef." Wannan magana ta zauna mini a kai fiye da yadda shi kansa ya yi nufi.

Saura kwana uku mu tashi, wata tsohuwa daga Dawce, Inna Baraka, ta zo biro a amalanke. Ɗanta Lawali yana gadi a wani kanti a Paris, shekara bakwai bai taka gida ba saboda takardun zamansa ba su daidaita ba. Ya aiko yana neman sabuwar takardar haihuwa, ni kuma na riga na shirya ta. Da na ce zan kai masa da hannuna, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli, an naɗe shi cikin leda biyu da tsohon kallabi.

Tun kafin ta yi magana hancina ya gaya mini ko mene ne. Daddawar batso ce, wadda ake yi da gurguzun yakuwa. Wanda ya san ta ya san ba ta shiga gida a ɓoye.

Ta ce, "Ɗana, waccan takarda ta hukuma ce. Wannan kuwa tawa ce. Idona ya yi rauni, da lalube na yi ta, amma ban bar kowa ya sa mini hannu ba. Tun yana ƙarami ba ya shan miya sai da ita."

A garinmu ba a ƙin saƙo. Matafiyin da ya ce jakarsa ta cika, an gama sanin halinsa. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Inna, ki ɗauka ya riga ya ci." Na cusa ƙullin a ƙasan akwati, takardar kuwa na sa ta a ambulan cikin aljihun rigata. Ƙullin ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, ya sauka Faransa, babu ɗan duwan, wato kwastan, da ya ko kalle shi.

Garin da aka kai mu tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa daga Paris, amma sai ka ce wata duniya. Ni da na yi zaton hayaniya, sai na tarar da shiru. Babu zakara, babu daka, babu kiran salla, babu mai sallama a ƙofar wani. Gidaje a jere, kowanne da 'yar gonar furanni da aka aske kamar kan ango. Kana tafiya kana jin ƙarar takalminka. Na gai da wani dattijo mai jan kare, na tambaye shi gida da iyali, ya dube ni kamar zan roƙe shi wani abu. Daga ranar na fara tafiya a takure, ina rage murya, har tari nake haɗiyewa.

Ba a otal aka sauke mu ba, an rarraba mu gidajen mutanen gari. Ni na faɗa gidan wasu tsofaffi, Madam Odil da mijinta Mushe Bernar (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mutanen kirki ƙwarai. Suka ba ni ɗaki a sama, fari fat, mai ɗumi. Ɗumin nan ne ya tona mini asiri. Ran Litinin na ajiye akwati kusa da ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, kafin Talata da la'asar daddawa ta farka. Na dawo daga horo na tarar da tagogi duka a buɗe, Madam Odil riƙe da tsintsiya, Mushe Bernar durƙushe yana leƙa bayan kabad, yana nishi.

Ta ce da ni cikin Faransanci, "Mushe Issufu, ka yi mana haƙuri, kunya duk ta ishe mu. Ina jin ɓera ne ya mutu cikin bango. Kai ma kana ji, ko?"

Nan ne wurin da ya kamata in yi dariya in ce, "Madam, ba ɓera ba ne, kayan miyar wata uwa ne zuwa ga ɗanta." Magana ɗaya tak. Amma sai na tuna da Alhaji Mamman, na hango ana ba da labarin baƙin da suka zo da ruɓaɓɓen abu a akwati. Na shaƙi iska kamar mai bincike, na ce, "Kaɗan-kaɗan nake ji." Na ma taya tsohon ture kabad.

Laraba da safe na ɓoye ƙullin cikin rigar sanyi na fita. A bakin layi akwai kwandunan shara uku, kowanne da launinsa, don su can ba a haɗa kwalba da takarda da ragowar abinci. Na tsaya ina lissafin wanne ya dace da daddawa. Ku duba wauta: ina tsoron karya dokar shara, ba na tsoron cin amana. Na ɗaga murfin na ƙarshe na saki. Kallabin Inna Baraka ne abin da na gani kafin murfin ya rufe. Na wanke hannu da sabulu sau biyu a wurin horo, na zauna ina rubuta darasi a kan yadda ake kiyaye abin da jama'a suka damƙa wa ofis.

Ran Lahadi Lawali ya zo. Jirgi biyu ya canza kafin ya iso. Dogon saurayi ne mai sanyin magana, ya durƙusa ya gaishe ni irin ta gida, ya tambayi damina da mutanen Dawce ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa ambulan, ko lanƙwasa babu. Ya duba hatimi, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Sannan ya yi murmushi yana kallon hannuna.

"Malam, Inna ta kira ni a talho, ta gaya mini saƙon da ta ba ka. Na sayi kuka da garin masara tun jiya. Akwai 'yan uwa huɗu na Kance da Kurni da ke jirana, yau za mu ci tuwon gida."

Na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi Lawali, 'yan duwan suka ƙwace daddawar a filin jirgi. Na yi magiya har na gaji." Da rantsuwa na faɗa.

Fuskarsa ta canza, amma ya ce, "Ba komai, Malam. Ba rabona ba ce. Sannu da wahala."

Da ya tafi a lokacin, da na sha. Sai Madam Odil ta ce baƙon baƙonta ba zai bar gidanta da yunwa ba, dole ya zauna. Muka ci kifi da dankali. Daga ƙarshe ta shiga kicin ta fito da faranti a rufe, tana tafe tana alfahari. Tana ɗaga murfin na kusa tashi daga kujera. Cuku ne irin nasu, mai taushi, wanda in aka jera shi da daddawar batso, batso ce za ta nemi hanyar gudu.

Ta ce, "Na ƙauyen mahaifiyata ne. Ƙanwata ke aiko mini. Na san yana da wari, amma ni in na ji shi, ƙuruciyata nake ji." Ta yanka mana ba tare da ko ɗigon kunya ba. Sannan ta juya ga Lawali tana dariya, ta ba shi labarin ɓeran da ya mutu a ɗakina: yadda warin ya fara ran Talata, yadda suka birkice gida ba su ga komai ba, yadda ran Laraba da safe ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Har ta kwatanta masa irin warin.

Lawali ya fi ni jin Faransanci. Ya ajiye wuƙa a hankali, ya dube ni sau ɗaya, ya mai da ido kan farantinsa. Ya ce da ita, "Madam, cukunki yana da daɗi." Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige na ja murfi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana ɗaya bai yi ba.

Na raka shi tasha ta cikin layukan nan marasa motsi. Na yi ta addu'ar ya zage ni, don da zagi da na samu sauƙi. Da muka hango jirgi sai ya juyo gare ni.

"Malam, alfarma ɗaya nake roƙo. In ka koma, kada ka ce mata duwan ta ƙwace. In ta ji haka za ta sake yin wata, ga ido babu, kuma kwana da kwanaki take yi a kanta. Ka bar ni da ita."

Na ce, "Lawali, ni fa..."

Ya ce, "Na sani, Malam. Garin nan haka yake sa mutum. Ni ma shekarata ta farko a banɗaki nake ɓuya in yi waya da Hausa." Ya kama hannuna da hannu biyu, ya shiga jirgi.

Muka dawo da takardar shaidar horo. Alhaji Mamman ya rubuta a rahoto cewa tawaga ta fita kunya. Mako ɗaya bayan haka, biro cike da mutane, sai ga Inna Baraka jikarta na jan sandarta, ita kuma rungume da kaza ja, ƙafafu a ɗaure.

Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ina ɗan nan mai amana? Lawali ya kira ni. Ya ce su biyar suka ci, har suna lashe hannu. Ya ce da saura, kaɗan-kaɗan yake sawa don kada ta ƙare." Ta lalubo hannuna ta ɗora mini kazar. "Ba yawa. Allah ya yi maka albarka. Ka ga lokacin da ya kwance ƙullin?"

Abokan aiki suna ta "madalla", Alhaji Mamman yana gyaɗa kai. Na ce, "Na gani, Inna. Ya yi murna ƙwarai." Ƙarya ta uku ke nan, kuma ita kaɗai ce ba don kaina na yi ba. Duk da haka ita ta fi ci mini rai.

Takardar da na kai ta yi aikinta. Bayan shekara biyu Lawali ya samu izinin zama, ya sayi tikitin gida. Inna Baraka ta rasu wata huɗu kafin ya iso. Ni da hannuna na shigar da sunanta a littafin mutuwa, kuma ina rubutawa na gane cewa ƙullin nan shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi wa ɗanta. Da ya zo karɓar takardar rasuwar, muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya yi mini godiya a kan waccan ambulan. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ido.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke biro yanzu, shi ne wannan. Duk abin da ke da hatimi za ku kiyaye shi ko ba a gaya muku ba, don akwai mai tambaya. Ni ma na kai takarda ƙasar Nasara ko ƙura ba ta taɓa ba. Amma mutanenmu ba takarda kaɗai suke kawo mana ba. Suna kawo abin da ba shi da lamba, ba ya cikin littafi, babu shef ɗin da zai bincika. A nan ake gane ma'aikaci. Kuma ku yi hattara da kunyar da ke kama mutum a gaban baƙin ido, don ita ce ta sa na ji kunyar Madam Odil ta kwana goma, na manta da ta Inna Baraka.

Kazar kuwa, uwargidana ta ce a yanka a yi mini barka da dawowa, na hana, ban gaya mata dalili ba. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta suka hayayyafa. Yara suna kiran su kajin Faransa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana yanka su a gidana ran salla da ran suna, kowa na ci yana santi. Ni ban taɓa iya kai ko tsoka ɗaya bakina ba.