Ranar da Na Yi wa Mahaifiyata Tafinta a Gaban Likita

Shekarun baya, lokacin da ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba, ana kuma cikin ɗokin ƙaddamar da Shari'a, ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda. Iyayena suna ƙauyenmu, can gefen Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi. A wancan zamanin ganin likita ya danganta ne da inda Allah ya ajiye gidanku. Mu na Kaura 'yan gata ne: ka yi sallar asuba, ka je asibiti ka yanki kati, kafin azahar ka ga likita ka dawo. A ƙauyenmu kuwa ɗakin shan magani ne kawai da malamin asibiti guda, wanda duk ciwon da ka kai masa, allura ce da fararen ƙwayoyi. Likita sai Zurmi, shi ma kamar jinjirin wata yake, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce bai gani ba.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, a hannun kakata ma na girma. In tana son a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." Na saba da wannan kunyar har na daina ganinta.

Ana cikin girbin gero sai ƙanwata ta aiko wani abokina direba da saƙon cewa Inna ba ta jin daɗi. Da na je gida na tarar ta rame, idanunta sun yi fari, taɓarya ma ta gagare ta ɗagawa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jiki. Ta juya wajen rumbu, shi ta ba amsa, ba ni ba.

"Lahiya lau. Gajiyar aiki ta, ba wani abu ba."

Muka je Zurmi aka ce likita ya tafi taro Gusau. Muka sake komawa aka ce bai dawo ba. Sai na yanke shawarar in kai ta Kaura, inda nake ganin ni ma wani ne. Fitowar ma aiki ce, don a lokacin an hana mata hawa kabu-kabu, sai mun zauna a bakin hanya muna jiran motar da ke da wurin mata. Ƙanwata tana wankan jego, ba ta fita. Saboda haka ni kaɗai na rako ta, ina ta jin kaina.

Likitan da muka samu ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Nas ɗin da ke yi masa tafinta an kira ta ɗakin haihuwa. Da layi ya zo kanmu, Inna ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa kamar za ta shiga turakar mai gari. Na ce a raina, yau ce ranar da bokona zai yi rana. Na tsallake takalman, na bi ta ciki, na gaya wa likita da Turancina na malamin firamare cewa ni ɗanta ne, zan fassara.

Ya ce in tambaye ta abin da ke damunta. Na tambaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa bango ido.

"A ce mishi kaina ka ciwo."

Na fassara. Ya ce sai me kuma? Ta ce, "Shi ke nan." Ya duba idonta, ya sake tambaya ko akwai wani abin da take gani a jikinta wanda ba ta saba gani ba. Na juya mata tambayar tsaf, har da gyaran murya. Ta ce babu. Ya rubuta mana maganin ciwon kai da na ƙarin jini, ya ce ta riƙa cin ganye. Muka fito ina ta murna, har na saya mata lemo a tasha. Muka koma ƙauye.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta tare ni a zaure. Mace ce da ba ta ɓoye magana a ciki, kuma babu kunya tsakanina da ita.

"Kai da wa kunka shiga wurin likitan?"

"Ni da ita, Gwaggo. Ai ni niy yi tahinta."

Ta tafa hannu ta yi salati.

"Yau ga wauta da takardar makaranta! Macen da ba ta iya hwaɗin sunanka, ita za ta buɗe baki ta gaya maka ciwon da ke ƙarƙashin zane? Jini ka zuba gare ta tun ruwan shuka, ɗan ga. Mu duk mun sani. Kai ɗai ab ba ka sani ba, kuma kai anka sa tsakani."

Jama'a, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mun sha wahala mun samu likita, mun zauna a gabansa, amma Inna ta gwammace ta koma gida da ciwonta a kan ta faɗe shi ta bakina. Kuma ba wanda ya sa ni, ni na cusa kaina.

Sati na zagayowa muka koma Kaura, wannan karon da Gwaggo. Aka ce ai likitan ya gama bautar ƙasa ya tafi garinsu, wanda zai maye gurbinsa bai iso ba, ɗayan da ya rage kuma yana ɗakin tiyata, ga mutane jibge suna jiransa tun jiya. Garin da nake taƙama da shi ke nan. Inna tana zaune a kan benci, numfashi ma da ƙyar take ja, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Abokin nan nawa direba shi ya kawo dabara. Su direbobi su ke ɗaukar marasa lafiya, don haka labarin likitoci a tasha ake jin sa. Ya ce akwai likita a Shinkafi, Bahaushe, mai haƙuri da tsofaffi. Amma kada mu kuskura mu je ranar kasuwa, don ranar ce mutanen Badarawa da sauran ƙauyuka ke samun mota, kowa ya haɗa cefane da asibiti. Mu bari sai kasuwa ta watse. Haka muka yi, shi da kansa ya kai mu.

Da aka kira Inna, ta tuɓe takalmanta kamar kullum. Gwaggo ta kama hannunta, ta waiwayo ta harare ni.

"Kai kuma, malam tahinta, nemi inuwa."

Na tattara takalman na koma gindin wani dogon yaro. Sun daɗe a ciki ƙwarai. Da suka fito, likitan ya kira ni gefe ya ce sai an kai ta Gusau an ƙara mata jini an yi mata aiki, kuma kada mu kwana biyu muna shawara. Muka kai ta. Aka yi aikin, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Kafin wata damina ta dawo tana surfe da kanta, tana faɗa da kaji.

Yanzu abubuwa sun ɗan canza. Akwai waya, kafin ka fito kana iya tambaya ko likita na nan. Amma har gobe na ƙauye ya fi na gari shan wuya, kuma in ka ji wani yana cewa ganin likita ba wahala, tambaye shi inda gidansu yake. Abin da ni dai na koya shi ne, kai mara lafiya gaban likita rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka san wanda zai iya buɗe baki a gabansa. In zan raka wani asibiti yanzu, nakan fara tambayar kaina ko ni ne ya kamata in shiga.

Inna ta tsufa, ƙafa da hawan jini sukan kai mu asibiti lokaci-lokaci. Har yau ba ta kira sunana ba, ban kuma sa rai ba. Ƙanwata ce ke shiga da ita. Sai dai tun bayan ranar Shinkafi, in mun isa ƙofar likita ba ta barin takalmanta a ƙasa. Takan sunkuya ta ɗauka, ta miƙo mini su hannu da hannu, ba ta rumbu ba, ba ta bango ba, ta ce, "Riƙa mini."

Ni kuwa, da furfurata da komai, sai in karɓa in nemi inuwa.